Ganin Dama ko Kora da Hali? Tarihin "Depar Bolonter"

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya tashi a gidan ma'aikacin gwamnati a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, da wuya bai taɓa jin manya na cewa "ai wane depar ya ɗauka" ba. Wani lokaci da sha'awa ake faɗin haka, wani lokaci kuma da tausayi, kamar ana maganar wanda gobara ta cinye wa rumbu. Depar ɗin nan gajarcewar "depar bolonter" ce ta Faransanci, wato barin aiki na ganin dama. Gwamnati ce ke ce wa ma'aikacinta: ga kuɗi a dunƙule, sa hannu nan, ka bar mini kujerata ka je ka nemi na kanka.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: da gaske ganin dama ne, ko kuwa kora da hali ce? Bahaushe ya san kora da hali sarai. Mai gida ba ya buɗa baki ya ce wa baƙo tashi ka tafi. Sai dai tuwo ya fara raguwa, gaisuwa ta gajarce, wata rana a wayi gari an ɗauke tabarma an ce za a shanya. In baƙo ya naɗe kayanshi, mai gida na iya rantsewa cewa bai kore shi ba, kuma bai yi ƙarya ba. To amma kowa cikin unguwa ya san abin da ya faru.

Maganar ta shafe mu, don mu ne ke layin kwankur yanzu, kuma takardun da iyayenmu sunka sa wa hannu su ne sunka tsara irin aikin gwamnatin da muke nema yau.

Tsohuwar kalma

Kalmar "bolonter" ta daɗe a ƙasar nan, ta girmi jamhuriya. A 1912 Faransa ta kafa dokar ɗaukar soja a ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma, a 1919 kuma ta faɗaɗa ta. A cikin rajistar nasara sojoji iri biyu ne: waɗanda anka kira bisa doka, da waɗanda anka rubuta cewa su sunka kawo kansu. Yadda abin ke gudana a ƙasa kuwa, kumandan ne ke yanka wa sarki adadi, sarki ya yanka wa masu gari, mai gari ya duba gidan da ba shi da mai tsaya mishi. Yaron da anka kamo da igiya daga ƙauye yana iya isa bariki a rubuta shi cikin masu ganin dama, tun da ba shi ne ke riƙe da alƙalami ba.

Shaidar da ta fi rajista gaskiya ita ce ƙafar mutane. Daga yankunan Ƙonni, Maraɗi da Damagaram, gidaje da yawa sun tsallaka iyaka zuwa ƙasar Ingilishi don gudun ɗaukar soja, da haraji, da aikin tilas na gyaran hanya da ɗaukar kaya. Aikin tilas ɗin bai faɗi ba sai ranar 11 ga Afirilu 1946, da dokar da ke ɗauke da sunan Hufuwet Buwanyi na Kodibuwar. Darasin farko ke nan da tarihi ya ba mu: mai mulki na son kalmar "ganin dama" ƙwarai, don tana ɗauke mishi nauyi ta aza shi bisa kan wanda anka yi wa abin.

Daga bunƙasar iraniyom zuwa ƙofar FMI

Bayan ƴancin kai na 1960, aikin gwamnati ya zama babbar ƙofar ɗan lakwal. Gwamnati ce ke ba ka burs, ita ke tura ka fannin da za ka karanta, ita ke jiran ka da aiki ranar da ka karɓi diplom. Lambar matirikil ta fi gona daraja a idon iyaye, don fari ba ya cin ta. Kuma albashin mushe guda ko ma'aikacin likita guda ba nashi ba ne shi kaɗai. Ƙannen da anka turo daga ƙauye su yi kwalej, da buhun hatsin da ake aikawa gida lokacin bazara, da kuɗin maganin tsohuwa, duk cikinshi suke.

Iraniyom ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ya biyo baya a Akuta a 1978. Janar Seyni Kunce, wanda ya karɓi mulki ranar 15 ga Afirilu 1974, ya tarar da farashi na hawa. Anka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Arlit, anka gina manyan gine-ginen Yamai irin su otel Gawai da Fadar Taro, anka ɗauki ma'aikata, anka kuma ci bashi da tunanin cewa gobe za ta yi kamar yau.

Gobe ba ta yi kamar yau ba. Daga farkon shekarun 1980 farashin iraniyom ya faɗi, bashi kuwa yana nan da ruwanshi. A 1983 Nijar ta sa hannu da FMI. A 1984 fari ya zo, kuma a watan Afirilun shekarar Najeriya ta rufe iyakokinta, ba ta buɗe ba sai 1986. A 1986 ɗin ne anka shiga shirin gyaran tattalin arziki da Bankin Duniya, wanda ake kira PAS. Cikin sharuɗɗanshi akwai rage kuɗin da albashi ke ci daga baitulmali, da sayarwa ko rufe kamfanonin gwamnati. SONARA mai sayen gyaɗa da Kopro-Nijar mai kawo kayan masarufi sunka kama hanyar rushewa. Babban bankin raya ƙasa, BDRN, ya durƙushe a 1990.

Akwai wani abin lura a nan. Tsarin FMI shi ne ƙasa ce ke rubuta wasiƙa da kanta, tana cewa ga gyaran da na yi niyya, ku taimake ni. A bisa takarda ba wanda ya tilasta wa Nijar komai. Ita ma gwamnatin "bolonter" ce a gaban masu ba da bashi. Abin da anka yi mata a Washinton shi ta juyo ta yi wa ma'aikatanta a Yamai.

Me ya sa ba a yi kora kai tsaye ba?

A ƙarshen shekarun 1980, wajen rasuwar Kunce a watan Nuwamba 1987 da hawan Janar Ali Saibu, anka fito da shirin da ake kira PAIPCE, na tallafa wa masu kafa sana'ar kansu da samar da aikin yi. Ma'aikacin da ya yarda ya ajiye aiki za a ba shi kuɗin sallama, da alkawarin taimako wajen kafa abin yi. Tunanin masu shirin shi ne jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya: baitulmali ya huta da albashi, ƙasa kuma ta samu sabbin ƴan kasuwa masu ilimin boko.

Wani zai ce, gwamnatin soja ce fa, me ya hana ta kora kawai? Maƙwabtanmu sun yi haka. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya sallami ma'aikata fiye da 10,000 a Najeriya, ana karanta sunaye a rediyo, mutum ya ji korarshi yana cikin shan koko. Wannan ba ya buƙatar muhawara, tilas ce tsirara.

A Nijar abubuwa biyu sunka sa anka bi ta bayan gida. Na farko doka: tsarin aikin gwamnati da munka gada daga Faransa yana kare ma'aikacin da anka tabbatar, ba a korarshi sai da laifi da zaman ladabtarwa. Na biyu tsoro. Ma'aikatan ba su da yawa, wajen 40,000 ne cikin ƙasar da ƙidayar 1988 ta ba mutum miliyan 7 da ƴan kai, amma suna zaune cikin birane, suna da sandika, USTN na nan, kuma ƴaƴansu ne cike da lise da jami'a. Sa hannun ma'aikaci bisa takardar murabus yana warware matsalolin nan biyu gaba ɗaya. Wanda ya tafi da kanshi ba ya kai ƙara kotu, kuma sandika ba ta kiran yajin aiki don mutumin da ya ce shi ya so.

Hujjar masu cewa ganin dama ne

Kada mu yi musu rowar gaskiya, suna da hujja. Ba a ɗaure kowa don ya ƙi depar ba. Mafi yawan ma'aikata sun ji tayin, sun kau da kai, sun ci gaba da zuwa biro. In da tilas ce irin ta Murtala, da ba a tambayi ra'ayin kowa ba.

Kuma akwai waɗanda tayin ya zo musu daidai. Ɗan gidan alhazan Maraɗi da ya tashi yana ganin yadda ake fito da kaya daga Kwatano a shiga da su Katsina da Kano, wanda dama zaman biro ya ishe shi, kuɗin sallama jari ne gare shi. Haka injiniya ko akanta da ya san wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa na jiran shi da albashin da ya ninka na gwamnati. Waɗannan sun zaɓa da idonsu buɗe, wasunsu kuma sun yi arziki.

Sai dai wannan hujjar tana da wutsiya. A duk inda anka yi irin shirin nan, waɗanda ke fara miƙa hannu su ne masu wata ƙofa a waje, wato sau da yawa mafi ƙwarewa. Gwamnati ta so rage nauyi, sai ta biya kuɗi don ta rabu da mutanen da ta fi buƙata. Wasu ma daga baya sun dawo ta taga da sunan masu ba da shawara, ana biyan su daga kuɗin wani shiri na masu ba da bashi. Ke nan inda depar ya zama ganin dama na gaskiya, ƙasa ce ta yi asara. Inda kuwa ƙasa ta samu ragin da take so, sai mu duba ko wa ya biya.

Hujjar masu cewa kora da hali ce

Ɗauki ƙaramin ma'aikaci: magatakarda, mai buga tafireta, mushen firamare. Albashi ya tsaya wuri guda shekara da shekaru, kayan kasuwa na hawa. Yana ganin abokanshi na kamfanonin gwamnati an rufe musu ƙofa. Raɗe-raɗi na yawo cewa wanda bai tafi da kuɗi yau ba, gobe zai tafi hannu wofi. Bashi ya yi mishi katutu wajen mai kanti da mai gidan haya. Sai ga takarda da ke cewa za a ba shi a rana ɗaya abin da bai taɓa riƙewa ba tun da anka haife shi. Gaba kura, baya sayaki. Wanda ya kawo tayin shi ne kuma mai ikon sa zama ya yi ɗaci, kuma shi kaɗai ya san abin da ke cikin yarjejeniyar da ya sa wa hannu da masu ba da bashi.

Sannan wace kasuwa ce anka tura shi? Daga watan Satumba 1986 Najeriya ta saki naira ta faɗi, kayanta sunka yi arha, sunka cika kasuwanninmu tun daga man fetur har atamfa da sabulu. Masana'antun Maraɗi na man gyaɗa da na fata sunka riƙa rufewa. Bankin da zai ba sabon ɗan kasuwa bashi shi kanshi ya mutu. Masu sayen kayan kanti a birni kuma mafi yawansu ma'aikata ne, waɗanda daga farkon shekarun 1990 sunka shiga bin gwamnati bashin albashi na watanni. Mutumin da ya shekara 15 yana cika rajista, an ce ya je ya yi gogayya da wanda ya fara talla tun yana ɗan shekara 7. Da yawa sun sayi taksi, ko injin niƙa, ko sun buɗe kanti, kuma dangi sun ji labarin miliyoyin kafin a kai su gida. Kowa ya san yadda jari ke narkewa a gidan da baki ya fi hannu yawa.

Sai babbar guguwa. Ranar 11 ga Janairu 1994 a Dakar anka sanar da karya darajar sefa. Faran ɗaya na Faransa da ke sefa 50 ya koma sefa 100. A ɗauka mutum ya ajiye miliyan 2 daga kuɗin sallamarshi don ya sayo kayan gyaran mota daga waje. Ya kwana da miliyan 2, ya tashi da abin da ke sayen kayan miliyan 1. Ba wanda ya gaya mishi haka ranar da yake sa hannu.

Gaskiya ne wanda ya zauna ma bai sha da daɗi ba. Ya ga watanni ba albashi, ya ga yajin aiki, ƴaƴanshi sun ga farar shekara a lakwal. Amma yana da matirikil, yana da sandika da za ta yi ihu a madadinshi, yana da fansho a gaba. Wanda ya tafi, shi da Allahnshi.

Abin da ya faru a maƙwabta

Ba mu kaɗai ba ne. A Mali an daina ɗaukar masu diplom kai tsaye tun 1983, sannan a ƙarshen shekarun 1980, zamanin Musa Tarawore, anka buɗe depar bolonter da kuɗin hukumar agajin Amurka, USAID. Waɗanda sunka tafi daga baya sun kafa ƙungiya, sun shekara da shekaru suna zarya da zaman dirshan a gidan sandika na Bamako suna neman cikon abin da sunka ce an yi musu alkawari. Wasu sun mutu suna jira. Mutum ya cika nashi ɓangaren rana ɗaya, da sa hannu ɗaya da ba ya warwaruwa, ita kuwa gwamnati ta bar nata ɓangaren sai yadda hali ya yi. Cinikin biri a sama ke nan.

A Gana, daga 1987, gwamnatin Rolins ta rage dubban ma'aikata, musamman ƙanana: masinjoji, leburori, masu shara, direbobi. Sunan da anka ba shirin na nufin sauya wa mutum wurin aiki, alhali sabon wurin aikin shi ne gida. An fara da neman masu son tafiya, da ba su cika adadin ba anka cike da waɗanda ba su so. Wannan ya nuna wani abu da ya kamata mu riƙe: adadin yana nan a rubuce tun kafin a tambayi kowa, kamar dai adadin da kumandan ke yanka wa sarki.

Bayan depar

A gida ma haka ta kasance. Matsin ya sauko kan ɗalibai, da shirin ilimi na Bankin Duniya da ya taɓa burs da makomar masu diplom. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗaliban USN sunka taso daga jami'a za su tsallaka gadar Kennedy, anka buɗe musu wuta. Isaka Kaine, Aliyo Nahanci da Abdu Mamman Sagiru sunka rasu. Jininsu na cikin abin da ya kai ƙasa ga Babban Taron Ƙasa na 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Taron ya ƙi PAS da babbar murya, amma baitulmali wayam yake, kuma cikin ƴan shekaru anka koma teburin FMI.

Zamanin Janar Bare Mainasara sai anka daina lallashi. Anka taɓa albashi, anka kuma kawo dokar da ta ce wanda ya cika shekara 30 yana aiki, ko shekara 55 da haihuwa, ya tafi ritaya, ya so ko bai so ba. Mushen da ya fara koyarwa yana ɗan shekara 20 sai ya ga kanshi a gida yana da shekara 50, da ƙarfinshi, da yara a firamare. Sai zamanin Tanja anka sassauta wannan doka.

To wa zai shiga ajin da mushen nan ya bari? Daga 1998 anka fara ɗaukar matasa da sunan "bolonter na ilimi", da ɗan alawus da bai kama ƙafar albashin malamin gwamnati ba, ba matirikil, ba tabbas. Daga baya anka sauya musu suna zuwa kwantaragi, har sunka zama su ne mafi yawan malaman firamare a ƙasar nan. Ku duba kalmar ta sake dawowa. Uba ya fita da "ganin dama", ɗa ya shigo da "ganin dama", a aji guda, da allo guda, a kan kuɗin da bai kai na uban ba. Wanene cikinmu bai san mai diplom da ya karɓi kwantaragi a wani ƙauye ba? Tambaye shi ko so yake. Zai ce maka da babu gara ba daɗi.

Har a Amurka

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙasashe matalauta ne kaɗai. Ranar 28 ga Janairu 2025, kwana takwas bayan dawowar Donal Tiramp mulki, ofishin kula da ma'aikatan tarayyar Amurka ya aika wa ma'aikata wajen miliyan 2 wasiƙa ta intanet, mai taken da ke nufin mararrabar hanya. Irin taken da Elon Musk ya yi amfani da shi ga ma'aikatan Twitter a 2022. Wanda ya yarda, kalma ɗaya zai maido mai nufin na ajiye aiki, a ci gaba da biyan shi har 30 ga Satumba ba tare da ya zo biro ba. Wa'adin amsa 6 ga Fabrairu, wato kwana 9. Wasiƙar da kanta ta gaya wa masu zama cewa ba a ba su tabbacin kujerarsu za ta ɗore. Kuma a lokacin majalisa ba ta amince da kasafin da ya wuce 14 ga Maris ba, ga shi ana alkawarin albashi har Satumba.

Sandikoki sun kai ƙara. Wani alƙali a Boston ya dakatar da wa'adin na ƴan kwanaki, sannan ranar 12 ga Fabrairu ya bar shirin ya ci gaba, bisa dalilin cewa sandikokin ba su ne ke da hurumin kawo ƙarar ba. Bai yanke ko tayin adalci ne ko a'a ba. Gwamnati ta ce wajen mutum 75,000 sun karɓa. Kwanaki kaɗan bayan haka anka fara sallamar dubban sabbin ma'aikata da ba a tabbatar ba, ba tare da tambayar ra'ayinsu ba. USAID ɗin nan da ta biya kuɗin depar a Bamako, ita kanta an rufe ta cikin shekarar. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ina ma'auni?

Kotunan Amurka sun daɗe bisa ra'ayin cewa murabus ganin dama ne har sai an tabbatar da akasin haka, kuma zaɓi tsakanin abubuwa biyu marasa daɗi bai zama tilas ba. Malamanmu na Malikiyya sun zurfafa fiye da nan. Imamu Malik ya sha bulala a Madina saboda fatawarshi cewa sakin wanda anka tilasta bai aukuwa, don masu mulkin Abbasiyawa sun gane cewa fatawar ta shafi mubaya'ar da sunka karɓa da takobi. Malaman da sunka biyo shi kuma sun tattauna cinikin wanda anka matsa wa: mutumin da ba a ce mishi sayar da gonarka ba, amma an aza mishi tara ta zalunci har sai da ya sayar don ya biya. Da yawansu sun ce wannan ciniki bai lizimce shi ba, don an tilasta shi ta wajen sababi. Wato ba sa hannu kaɗai ake dubawa ba, har da wanda ya haƙa ramin da ya sa mutum ya sa hannun.

Da wannan ma'auni, amsar tambayarmu ta rabu gida biyu, kuma takarda ɗaya ce ta raba ta. Ga mai wata ƙofa a waje, depar ganin dama ne, har da riba. Ga wanda ba shi da ita, kora da hali ce da anka yi wa ado da kuɗin sallama. Su ne kuma sunka fi yawa, don ƙasar da aikin albashi ya yi ƙaranci, masu ƙofa biyu ƙalilan ne. Ba sai mun ce gwamnatin lokacin mugunta ta yi ba. Baitulmali da gaske ya bushe, kuma ƙasa ba ta iya zuba duk abin da ta samu cikin albashin mutum 40,000 ta bar miliyoyin manoma da makiyaya. Laifin yana wajen suna. Da an ce wa mutane ragi za a yi, ga adadi, ga dalili, da sandika ta zauna ta yi ciniki a kan kuɗin, da lokacin biya, da fansho, da abin da za a yi in gwamnati ta saɓa. Da anka ce ganin dama ne, sai kowa ya shiga ofis shi kaɗai, ya fito shi kaɗai, in abin ya lalace kuma a ce ai kai ka so.

Saboda haka, ƴan uwa, ranar da anka miƙo wa ɗayanmu takarda mai ɗauke da kalmar "bolonter", ko ta fita ce ko ta shiga, ga abin da tarihin nan ya ce mu tambaya kafin mu karɓi alƙalami. In na ce a'a, me zai same ni, kuma wa ke da ikon sa ya same ni? Kwana nawa anka ba ni in yi shawara da gida da sandika? Kuɗin yana hannu ne, ko yana cikin kasafin da ba a amince da shi ba tukuna? In an saɓa alkawari, wace kotu za ta saurare ni, kuma akwai hanyar dawowa? Akwai adadin da anka riga anka yanke, wanda za a cike da tilas in masu so ba su isa ba?

Mai tayin da ke da gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, zai amsa su a rubuce. In kuwa ka ga ana gaggauta ka, ana ce maka sa hannu yau gobe babu, to ka leƙa waje ka duba ko tabarmarka na nan inda ka bar ta. Masu depar na farko da yawansu na raye cikin unguwanninmu, wasu a bakin kanti, wasu a gindin bishiya suna sauraren rediyo. Kafin su ƙare, kowannenmu ya samu guda ya zauna da shi da littafi da biro, ya tambaye shi nawa anka ba shi, me anka ce mishi, me ya tarar. Rajistar gwamnati ta riga ta rubuta su cikin masu ganin dama. Nasu bakin ne ba a rubuta ba tukuna.